Akwatuna Uku a Jikin Bokiti

Ku matsa mini daga jikin firintar nan tukuna, kada wani ya zauna a kan takardun mutane. Kai mai jar hula, na ji abin da ka faɗa tun daga bakin ƙofa, kunnena ras yake. Wai buga takarda ba sana'a ba ce, danne-danne ne kawai, da babban yatsa ɗaya ma kana yi a waya. To madalla. Ku zauna, an ɗauke wuta, kuma ba zan tayar da janareta saboda ku ba. Kafin a kawo, bari in ba ku labarin danne-danne.

Ni a kan tafireta na fara, a hannun Malam Habu Akawu, aminin babana. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya ya kafa teburi a gindin dalbejiya a nan Ɗambatta, yana buga wa mutane takardar cinikin gona da ta neman aiki. Ni ba a yarda na zauna a bakin titi ba, a zauren gidansa nake koyo bayan la'asar. Ranar farko ya kifa mini kwali a kan hannuwana ya ce, "Binta, ido a takarda, yatsu su nemi hanyarsu." In na leƙa ƙarƙashin kwalin, sai rula a bayan hannu, ƙwas! Tafiretar nan Baturiya ce ta gaske, ba ta san ƙ ba, ba ta san ɗ ba, balle ɓ. Sai ka gama shafi ka zare shi, ka ɗauki baƙin biro mai siririn baki, ka bi haruffa ɗaya bayan ɗaya kana yi musu lanƙwasa da hannu. In da kabon ka buga, kowane kwafi sai ka bi shi. Malam Habu yakan ɗaga takarda ya haska ta a rana ya ce, "Wannan lanƙwasa ce ko ƙugiyar mahauta? Sake."

Da na yi aure, maigidana, Allah ya saka masa da alheri, ya fasa mini wannan shagon a jikin katangar gida. Mata suka yi ca a kaina, don wadda ke jin nauyin zama gaban namiji ta faɗi abin da take so a rubuta mata, a wurina har zanen gadonta sai ta ba ni labari. Da kwamfuta ta shigo na ce shi ke nan, na huta da biro. Ina! Wani ya kawo mana font na Hausa a faifai. Font, in ba ku sani ba, ita ce rigar da harafi ke sakawa kafin ya fito a allo. Waccan rigar dabara aka yi mata, an ɗauki maɓallan baka-baka da ba a cika amfani da su ba aka ɗora musu ƙ da ɗ da ɓ. A injina tsaf, kamar littafi. Ka kai aikin wani injin da babu rigar, sai ka ga ko'ina baka ta tsaya a wurin harafi. Wata shugabar ƙungiyar mata ta taɓa dawo mini da jawabinta tana huci, wai na cika mata takarda da ƙahonin shanu.

Wani malamin kwaleji ɗan garin nan da ke kawo mini aiki shi ya warware mini abin. Ya ce, "Malama Binta, inji bai san harafi ba, lamba ya sani. An zauna an ba kowane harafi na duniya lambarsa, Yunikod ake kiran tsarin. Rubuta 0199." Na rubuta. Ya ce in danne Alt in taɓa X. Lambar ta ɓace, ƙ ya tsaya a wurinta yana kallona. Wallahi sai da na yi tafi. Na yini ina yi ina gogewa, har tuwon dare ya kusa kamawa.

Mummunar shekarata ita ce wadda aka kawo wuta da ƙarfi a tsakiyar damina. Na ji wani ɗas, sai hayaƙi da ƙauri. Kwamfuta, firinta, injin fotokwafi, duk suka tafi lokaci guda, ko sallama babu. Na janyo tafireta daga ƙarƙashin gado, na karkaɗe ta, na ɗiga mata man keken ɗinki. Ribon, ƙyallen tawadarta, ya yi wuya, sai an je Kano an sha yawo. Masu kawo aiki suka watse, sai tsofaffi masu takardar gona. Shekarar nan ƙuli-ƙuli na riƙa yi ina sayarwa a kan teburin nan da kuke jingina, mai neman fotokwafi ya shigo ya fita da ƙullin ƙuli. Da kaka ta yi, gyaɗar maigida ta yi kyau, aka sayo mini wani injin, na hannu ne amma ya fi na da wayo. A kansa na yi aikin da nake so ku ji.

Wata safiya wata mata ta shigo da lulluɓi fari mai ratsin ja a baki, doguwa, da sauri a tafiyarta. Na san ta a gidajen biki. Hajiya Zamzam ce, matar Alhaji Ɗanladi tela, na wani ƙauye gabas da nan. Bahabashiya ce. A Jidda suka haɗu lokacin yana ɗinki a can, ya aure ta, ya kawo ta cikin gero da gyaɗa. Ta koyi surfe, ta koyi dama fura, Hausa ta zauna a bakinta daram, sai in ranta ya ɓaci ne yarensu ke ɓallewa. Ran nan kuwa ranta a ɓace yake, don tun kafin ta zauna na ji wasu kalmomi da ban san su ba.

Za ta aurar da 'yarta ta fari, Safiya. Kun san yadda ake yi ranar yini. Kowace gwaggo, kowace inna, kowace kaka sai ta fito da nata bokitai da robobi, da sitika a jiki, daga wance, daga wance, a raba wa mata, a ga dangin da suka tsaya wa yarinya. To ranar da aka kawo lefe, gwaggon ango, wata Gwaggo Asabe mai baki kamar reza, ta dubi ɗakin ta ce, "Dangin uba dai mun gan su. Ita uwar amarya daga sama ta faɗo ne?" Aka yi dariya, aka wuce. Hajiya Zamzam ba ta wuce ba.

Ta ce mini, "Malama Binta, ina da uwa. Tana nan da ranta a garinmu, ta tsufa, ba ta taɓa ɗora hannu a kan Safiya ba. Da ta ji bikin nan tunkiyarta ta sayar, ta aiko da kuɗin ta hannun ƙanina da ke Jidda, ta ce a saya wa jikarta abin rabo. Na sayi bokitai. Ina so sunanta ya hau kansu."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Hajiya. Me sunan Iya?"

"Lubaba. Amma ba da boko ba."

"Da ajami?"

"Da namu. Ita namu kaɗai take karantawa. Na yi mata alkawari ranar za ta gani a waya da idonta. Kuma in da boko ne, Asabe cewa za ta yi ni na ƙirƙiro."

Ta karɓi birona ta zana wasu abubuwa uku a bayan ambulan. Na juya ambulan sama, na juya ƙasa. Na ce, "Hajiya, wannan na farkon kamar mutum ya buɗe ƙafa zai tsallake kwata. Biyun nan kuma ƙofar zaure ce mai ɗingishi." Ta tuntsire da dariya, fushin ya tafi. Ta ce su ba sa raba baƙi da wasali kamar mu. Lu harafi ɗaya ne. Ba harafi ɗaya ne. Sunan uwarta gaba uku, harafi uku, an gama.

Na ce a raina, in har malamin kwalejin nan gaskiya ya faɗa, su ma suna da lamba. Akwai wata taga da ake buɗewa a shafin rubutu, ka ga haruffan duniya a jere kamar kayan koli. Na buɗe, na yi ta gangarawa, na wuce na Larabci, na wuce na Indiya, ina canza riga ina dubawa. Hajiya tana tsaye a kaina, numfashinta a wuyana. Can sai ta damƙe mini kafaɗa da ƙarfi har na ce wayyo.

"Tsaya! Ga su nan!"

Yara, ban taɓa ganin babbar mace ta koma 'yar firamare a gabana ba sai ran nan. Ta ɗora yatsa a allo ta fara rerawa, "Ha, hu, hi, ha, he..." tana kaɗa kai, tana buga ƙafa, hawaye na zuba, tana dariya. Ta ce haka malaminsu ke sa su yi suna yara. Ta ce, "Ashe suna nan cikin injinki a Ɗambatta duk shekarun nan, ba wanda ya gaya mini!" Ni ma na kama, ina binta ina kwaɓawa. Mai sayar da kati na maƙwabta ya leƙo ya ga ko lafiya.

Na lura da yadda aka tsara musu unguwarsu. Daga lamba 1200 ta fara. Kowane baƙi an ba shi layinsa, ɗakuna takwas a jere, bakwai na wasulansu, na takwas na ƙari. Harafin ba ya canza kama gaba ɗaya, ƙafa ce za a gajarta, ko a maƙala masa ɗan hannu a gefe, sai sauti ya canza, lamba ta matsa gaba da ɗaya. Ƙirgar injin kuma ba irin tamu ba ce, in ya kai tara ba ya cewa goma, A yake cewa, har ya kai F. Na ce wannan ɗalibi da a hannun Malam Habu yake da ya sha rula. Muka samo lu a 1209, muka samo ba a 1263. Na rubuta, na danne Alt na taɓa X, sau uku, sai ga ሉባባ a tsakiyar allo. Na ƙara masa girma har ya cika shafi. A sama na sa "Daga kakar amarya" da boko. Hajiya ta sumbaci allon, sai da na goge shi da gefen mayafina.

Injina baƙi da fari yake bugawa, sitika mai kala sai Kano. Na zuba aikin a falas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa inji, kashi biyu. Ɗaya na mayar da shi hoto, ba mai iya taɓa shi. Ɗaya na bar shi a buɗe saboda ko za a yi gyara. Na ba Alhaji Ɗanladi da hannuna, na ce, "Alhaji, na hoton za a buga. Na hoton." Ya ce, "Haba Malama, ni da na zauna a ƙasar waje?" Ya gyara hula ya hau bas.

Ana gobe yini, da hantsi, na ga Hajiya Zamzam ta sauko daga babur tun bai gama tsayawa ba, da jan bokiti a hannu. Alhaji na biye da ita a wani babur ɗin, ya yi tsuru-tsuru. Ta dangwarar da bokitin a kan teburina. Na duba. Sitika mai kyau, ga furanni, ga zobba biyu, ga tattabaru. Daga kakar amarya. A ƙasa kuma akwatuna uku, farare tas, a jere, babu komai a ciki.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani na yi ƙoƙari. Na cije leɓe. Sai Alhaji ya ce, "Ni fa na ga ya yi kyau." Shi ke nan, na kife a kan kibod.

Ashe da ya je maɗaba'a ya ga aikin ba fure, ya ce a ƙara fure, bikin 'yar fari ne. Hoto ba ya gyaruwa, sai mai injin ya buɗe ɗayan. Injinsa tsoho ne, ba shi da rigar Habasha, sai ya zana akwati a gurbin kowane harafi. Mai injin ya tambayi Alhaji, "Haka yake?" Alhaji ya sa tabarau, ya duba da kyau, ya ce haka yake. Aka buga duka. Ya dawo gida Hajiya na can wajen ƙunshin amarya, ya tara matan maƙwabta suka manne wa kowane bokiti, wai zai ba ta mamaki.

Hajiya ta juya kansa. "Alhaji, tun muna Jidda kake ganina ina rubutu. Ka taɓa ganin na zana akwati?"

"Na ɗauka na inji daban ne da na hannu."

"Uwata ce akwati?"

"A'a, Allah ya kiyaye."

Daga nan ta koma yarensu, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Da ta gaji ta zauna a kan benci, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Gobe tsohuwar nan za ta sa a kai ta gidan mai waya, ta zauna tana jira. Me zan nuna mata?" Nan dariyata ta tsaya, tausayinta ya kama ni. Na rufe shago, na kwafi rigar Habasha daga injina na zuba a falas, na ce wa Alhaji ya koma gida ya ɗora ruwan zafi ya fara ɓare aikinsa. Ni da Hajiya muka nufi tasha.

Mai injin a Kano dattijo ne mai furfura a gemu, Malam Sabo, shi ma a kan tafireta ya taso, muna haɗa ido muka gane juna. Ya ce, "Hajiya, wallahi duk aikin yaren waje da aka taɓa kawo mana haka yake fitowa. Ni na ɗauka mutanen can da murabba'i suke rubutu, har ina cewa sun huta." Na ce ya ba ni kujera. Na kwafi akwati ɗaya na kai shafin rubutu, na danne Alt na taɓa X. Akwatin ya koma 1263. Na ce, "Ka gani? Sunan yana nan, bai je ko'ina ba. Tsirara yake, shi ya sa injinka ya rufa masa asiri da akwati." Na zuba masa rigar, muka rufe aikin muka sake buɗewa. Akwatunan nan uku suka miƙe suka zama mutane, mai tsallake kwata da ƙofofinsa biyu masu ɗingishi. Malam Sabo ya cire hula ya buga a gwiwa, ya ce, "Ikon Allah! Ashe mutane na yi ta binnewa a akwati!" Ya ture fastocin wani ɗan siyasa gefe, ya ce mai neman ƙuri'a zai iya jira, ya hau namu. Hajiya ba ta matsa daga bakin injin ba sai da ta duba kowane shafi.

Muka isa ƙauyen da la'asar muka tarar da Alhaji a tsakar gida ya naɗe hannun riga, ga baho na ruwan zafi, ga tsaunin bokitai, yana kankara da cokali. Yatsunsa sun yi fari sun yamutse. Ba wadda ta taya shi, matan gidan suna wucewa suna yi masa sannu da aiki.

Ranar yini gidan ya cika har waje. Dangin uba suka fito da nasu, aka raba. Dangin ango suna kan tabarma ta gaba, Gwaggo Asabe a tsakiya tana fifita da mafici. Sai Hajiya Zamzam ta sa aka fito da jajayen bokitai, aka jere su a tsakar gida. Mata suka yi ta ɗauka suna juyawa, wannan ta ce zanen lalle ne, waccan ta ce hatimi ne. Gwaggo Asabe ta ɗauki ɗaya ta karanta na bokon da ƙarfi, "Daga kakar amarya." Ta taɓe baki. "Wace kakar? Wannan ƙafar kazar kuma fa?"

Hajiya kuwa waya take ta kira. Sabis a ƙauyen nan sai an yi masa dabara. Ta zagaya bayan ɗaki, babu. Ta je gindin rumbu, ya zo ya koma. Ƙarshe aka kifa turmi kusa da rumbun, uwar amarya guda da leshinta da gwala-gwalanta ta hau kai, mata biyu na riƙe da ita, ta ɗaga waya sama. Ni ina ƙasa da bokiti a hannu. Sai allon ya buɗe. Wata 'yar tsohuwa ce cikin farin mayafi, fuskarta duk tamoji, ta matso da ido har hancinta ya cika wayar.

Hajiya ta ce, "Malama Binta, ɗago!" Na ɗaga bokitin sama da kaina, ta juyo da wayar kansa. Tsohuwar ta ƙanƙance ido. Muka ji muryarta siririya tana bi a hankali.

"Lu... ba... ba."

Ta dafa ƙirjinta. Ta sake faɗa da sauri, ta waiga tana kiran mutanen gidansu su zo su gani. Sannan ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa. Guɗa fa, irin tamu, sai dai tata ta fi sauri. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "La ilaha illallahu, su ma suna yi!" ta toshe hanci ta amsa mata. Gida ya ɗauka gaba ɗaya. Aka janyo Safiya daga ɗaki da lulluɓinta aka tura ta gaban wayar, kaka na kuka, jika na kuka, ni ina kuka da bokiti a ka.

Hajiya Zamzam ta sauko daga turmin a hankali don kada sabis ya gudu, ta tsaya a gindin rumbu, ta miƙa wayar wajen tabarmar gaba. Ta ce, "Gwaggo, ga uwata. Tana gaishe ki."

Gwaggo Asabe ta dubi wayar, ta dubi bokitin da ke hannunta. Tsohuwar cikin wayar ta girme ta nesa ba kusa ba, kuma ga idon mata a kanta. Ta ajiye maficin. Ta taso, ta tako har gindin rumbun, ta tattara zaninta ta durƙusa har ƙasa a gaban wayar.

Ta ce, "Ina wuni, Iya. Mun ga kaya. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Ta ɗago ta dubi Hajiya Zamzam. "To ki faɗa mata mana, kin tsaya kina kallona."

Hajiya ta juyo da wayar, ta fara fassara wa uwarta da yarensu.